Maliki Foto, Mai Rabin Kowane Biki

A unguwar Zariya ta Maraɗi, kusa da inuwar da 'yan kabu-kabu, masu haya da moto, wato babur, ke fakewa da rana, akwai wani shago mai shuɗin allo da aka rubuta wa FOTO AMANA. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ƙara: "Fuska ba ta ɓata a wurinmu." Mai shagon shi ne Maliki, wanda gari ya sani da Maliki Foto. Duk mai son ba da tarihinsa dole ya fara da firigo, ko da yake shi bai taɓa sayar da ƙanƙara ba. Firigon na 'yarsa Mansura ne, da shi take ci, kuma an yi wata rana da zamansa nata ya rataya a kan abin da ubanta ya adana. Sauran rayuwar Maliki share fagen wannan rana ce.

A Jiratawa aka haife shi, cikin gidan manoman rani, masu zogale da tattasai. Tun yana ƙarami aka gane jininsa bai haɗu da fartanya ba. In an tura shi ban ruwa, sai a same shi a bakin kwalbati yana yi wa sauran yara bayanin wace fartanya ta fi wata. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya yi abin da ya sawwaƙa, sannan ya shigo Maraɗi ya zauna a hannun wani Bayarabe mai hoto. Can ya koyi baƙi da fari, ya koyi mai launi, ya ga zuwan kaset ɗin bidiyo, ya ga tafiyarsa, ya ga faifai, har aka zo zamanin da biki guda ke shiga cikin abin da bai kai farce ba.

Halaye biyu ya taso da su, bai kuma yar da ko ɗaya ba. Na farko, ba ya ɗaukar biki bai shiga ciki ba. In aka zo wurin da ya fi kyau, sai ya miƙa wa wani kamara, ya gyara hula, ya baza babbar riga, ya tsaya a tsakiya. Akwai gidaje a Maraɗi da jikoki ke zaton kakansu ne, don yana cikin kowane hoto kuma ya fi ango fara'a.

Na biyu shi ne kwatance. Maliki ba ya sayen abu sai ya san duk 'yan'uwan abin, da inda aka ƙera su, da laifin kowanne. Ko aurensa haka aka yi shi. 'Yan mata biyu ya tsaya aunawa, yana cikin awo aka ɗaura wa ɗaya aure da wani mai sayar da taki, sai ya auri Rahmatu ya kuma sanar da cewa dama ita bincikensa ya nuna. Rahmatu ba ta taɓa musa masa ba. Mace ce mai kiwon tumaki, ta saba da dabbar da ke tsayawa tsakanin dami biyu tana tunani.

Da Mansura, autarsu, ta tashi aure, Auwalu ta kawo, wani mai sayar da mai a jarka a bakin hanyar Tibiri. Rahmatu ta sayar da tumakinta ta shiga kasuwa ta sayo wa 'yarta babban firigo fari, irin mai buɗewa ta sama, na hannu, daga cikin kayan Kwatano. Babu takarda, don mai kayan gwanjo bai san takarda ba, kuma babu wanda ya tambaya. Ranar jere aka kai shi Tibiri tare da gado da kwalla da kumbuna. Maliki da kansa ya ɗauki jeren, kamar yadda ake yi: kamara ta bi ɗaki kusurwa kusurwa, mata na nuna kaya ɗaya bayan ɗaya suna guɗa, don a san abin da amarya ta shigo da shi gidan miji. Kayan ɗaki na mace ne, ko da rai ko da mutuwa, kuma bidiyon jere shi ne shaidar da ba ta jin kunyar surukai.

Firigon ya karɓi Mansura. Ƙanƙara take yi, da zoɓo da lemun tsamiya a leda. In azumi ya faɗo cikin zafi, layi ake yi a ƙofar gidan.

Shi kuwa Maliki, aikinsa na shekaru yana cikin ƙananan diski da ya tara a kwalin madara a ƙarƙashin tebur. Sai suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar kaji a lokacin annoba. Ranar da wani Alhaji mai hatsi ya zo neman bikin 'yarsa aka tarar diskin ya yi shiru, Maliki ya ji maganar da ba a faɗa wa mai furfura. Da yamma ya je wurin Idirisa, wani mai gyaran ordinata, wato kwamfuta, da ke da butik, ɗan shago, a bayan babbar kasuwa, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana.

Idirisa ya ce akwai magani. Wani akwati ne da masu sana'ar ke kira NAS. Ana zura masa manyan diski a ciki, a jona shi da rezon shago, wato layin da ke haɗa na'urorin shagon, ya zauna a lungu yana aiki dare da rana. Duk abin da aka ɗauka sai a tura masa, kuma daga ordinata ko salula, wayar hannu, ana iya buɗewa a gani.

"Rumbu ke nan," in ji Maliki.

"Kusan haka, Tonton," in ji Idirisa, wanda haka yake kiran sa'o'in ubansa.

"Iri nawa ne?"

A nan Idirisa ya yi kuskuren rayuwarsa. Ya ce suna da yawa.

Maliki ya shiga kwatance. Akwai mai ciki biyu, wato mai ɗaukar diski biyu, akwai mai ciki huɗu. Akwai mai ƙarfin kai da zai iya nuna bidiyo a salula ba ya sarƙewa, akwai wanda ajiya kawai ya iya. Akwai mai shan wuta kaɗan, wanda batir zai riƙe in an ɗauke kuran, wato lantarki, akwai wanda fankarsa ke gurnani kamar injin niƙa. Akwai wanda ake samu a Kano, akwai na Dubai da sai an yi saƙo. Su kansu diskin iri biyu ne, na gama-gari da waɗanda aka yi don kada su yi barci. Maliki ya haddace duk wannan kamar mai shirin saukar karatu. A fadar masu shayi da ke ƙofar shagonsa, mutanen da suka zo jin labarin kokawa da farashin gero sun koma gida sun san bambancin mai ciki biyu da mai ciki huɗu, ba tare da sun nema ba. Wani tela ya sauya wurin zama gaba ɗaya.

Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, Maliki na bincike. A cikin kwalin madara kuwa bukukuwa na ci gaba da rasuwa. In an tambaye shi yaushe zai saya, sai ya ce gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma ya ji ana shirin fito da sabon samfuri.

Abin da ya yanke maganar shi ne wani mai famasi, wato shagon magani, a unguwar ya sayi akwatin, shi da bai yi binciken ko yini ɗaya ba. Maliki ya ji kamar an yi masa ƙwace. Cikin mako guda ya sa aka kawo masa mai ciki biyu daga Kano, da manyan diski biyu, ya kira Idirisa ya haɗa.

Idirisa ya zura diskin, ya zauna gaban ordinata, ya ce, "Tonton, saura zaɓi ɗaya. Ko mu yi madubi, wato duk abin da aka rubuta a wannan a rubuta shi a wancan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa na nan da komai. Ko kuma mu haɗe su su zama ɗaya. Wuri zai ninka, amma kowane hoto da kowane bidiyo za a yanka shi gutsi-gutsi, rabi nan rabi can. In ɗaya ya mutu, duka sun tahi."

"In mun yi madubin, wurin nawa za ni samu?"

"Wurin diski ɗaya."

Maliki ya cire tabarau. "Na sayi buhu biyu, ka ce in ci ɗaya?"

"Ɗayan shi ne tsaron, Tonton."

"Ɗayan shi ne almubazzaranci. Kai Idirisa, ɗan Maraɗi ne kai kuwa? Wa ka taɓa gani ya auna tiya biyu ya ce a rubuta mashi ɗaya? Su Nasara sun yi wannan dabara don ka sayi biyu ka mori ɗaya, ka koma ka ƙara saye. Haɗe su."

"Ni dai na faɗa."

"Ka faɗa, na ji. Ni na yi shekaru ina karatun akwatin ga, kai kuwa sayar da shi kawai kake yi."

Idirisa ya haɗe su, ya karɓi ladansa, ya hau motonsa. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Maliki ya juye duk abin da ya rage a kwalin madara cikin akwatin, har da jeren Mansura. Tsofaffin diskin da ke da sauran rai ya share su tas, ya ci gaba da ɗaukar sababbin bukukuwa a kansu, don shi ba almubazzari ba ne. Kuma tunda wuri ya ninka, sai ya buɗe wa 'yan fada ƙofa. Mai wa'azi ya kawo, mai kokawar shekara goma ya kawo, mai finafinan Indiya ya kawo. Akwatin da aka ce zai yi shekaru bai cika ba, kafin damina ta zagayo ya ƙoshi.

A cikin wannan damina wuta ta tashi a shagon wani mai walda, ƙofa uku daga nasa. An kashe ta da wuri, amma Maliki ya tsaya yana kallon hayaƙin, sai Jiratawa ta taso masa a rai. Ya tuna kakansa, wanda bai taɓa zuba irin shuka a rumbu ɗaya ba. Rabi a gida, rabi a wurin ɗan'uwa a wata unguwa, don in gobara ta ci ɗaya a samu na shukawa. Sai maganar Idirisa ta dawo masa, ko kuma rabinta: rabi nan, rabi can. Ashe akwatin da kansa ya riga ya raba. Abin da ya rage kawai a nisanta su, dabarar da duk Nasaran da suka ƙera shi ba su kai gare ta ba.

Ya kashe akwatin, tunda dama ya cika kuma cikakken rumbu rufe shi ake yi. Ya zaro diski ɗaya, ya naɗe a rawani, ya hau moto zuwa Jiratawa wurin ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Baƙo. Tsoho ne da bai taɓa riƙe salula ba, amma duk garin sun san ba a taɓa ba shi ajiya ta yi ciwon kai ba.

Kawu Baƙo ya jinjina ƙarfen a tafin hannu. "Mi ne ne wanga?"

"Kawu, iri ne. Irin Maraɗi ne rabi guda. Ka aje mani shi yadda kake aje iri."

"Yadda nike aje iri?"

"Daidai haka."

"To, an gama," in ji tsohon.

Maliki ya dawo ya ba fada labari, aka jinjina masa. Wani ya ce ai ilimin zamani in bai haɗu da na kaka ba gurgu ne. Maliki ya karɓi maganar, daga baya ma ya riƙa faɗinta a matsayin tasa. Idirisa bai ji ba, don ba a gaya masa ba.

Bayan shekara biyu Auwalu ya yi haɗari a hanyar Ɗan Isa, Allah ya yi masa cikawa. Bai bar ɗa ba. Mansura ta yi takaba a Tibiri, firigo na aiki a zaure, shi ya ciyar da ita har ta fita. Da aka zo maganar gado, yayan mamacin, Tanimu, mutum mai tsawon carbi da tsawon hannu, ya ce firigon na ƙanensa ne, a sa shi cikin kayan rabo. Ya kawo maza biyu da suka rantse sun ga Auwalu ya sauke shi daga mota a ƙofar gida. Ba ƙarya suka yi ba. Sun gan shi ranar da ya dawo da shi daga wurin gyara. Matan da suka yi jere kuwa, Tanimu ya ce ai dangin amarya ne, wa zai ƙi nasa?

Malam Zakariya'u, wanda ke raba gado a unguwar, dattijo ne da ba ya son doguwar magana. Ya ce duk Tibiri ta san uban yarinya mai hoto ne, kuma shi ya ɗauki jeren. A kawo bidiyon ranar Asabar, a gani, a huta.

Mansura ta zo Maraɗi ta sami ubanta a shago.

"Baba, bidiyon jerena nika so."

"Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Bidiyonki ya fi na kowa tsaro a ƙasar ga. Wuri biyu yake."

"Ni wuri guda nika son shi, Baba. Gaban Malam Zakariya'u."

"Ke dai ba ki san wa ya haife ki ba."

Ya share ƙurar akwatin, ya jona shi, ya kunna. A lissafinsa, in jeren bai faɗo a wannan rabin ba, yana na Jiratawa. Akwatin ya yi tunani, sannan ya kunna jar fitila ya fara kuka, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da ya ɓata. A fuskar ordinata babu jeren Mansura, babu bikin kowa, babu ko kokawa ɗaya. Maliki ya kashe ya kunna, ya hura masa iska, ya yi masa addu'a. Daga ƙarshe ya ajiye girman kai ya kira Idirisa.

Idirisa ya leƙa cikin akwatin, ya ga rami ɗaya fayau. "Tonton, ina ɗayan?"

"Yana Jiratawa."

"Mi ya kai shi Jiratawa?"

"Tsaro."

Idirisa ya zauna a kan benci. Sannan ya ce in ɗayan na da lafiya, a maido shi a zura, komai zai dawo. Maliki ya dubi Mansura da murmushin wanda gaskiyarsa ta fito. "Kin ji ko? Wurin Kawu Baƙo yake. Ko allura ba ta ɓata can."

Kuma ba ta ɓata ba. Kawu Baƙo ya karɓi Maliki da Mansura da murna, ya ja su zuwa madafa, ya nuna sama. Can a jikin azara, daidai kan murhu, inda hayaƙi ke tashi safe da yamma, zangarniyar irin gero na rataye, da irin kuɓewa, da masara. A tsakiyarsu diskin Maliki na lilo a igiyar kaba. Rawanin kuwa tsohon ya cire shi tun ranar farko, don iri ba ya son a rufe masa numfashi. Diskin ya yi baƙi ƙirin, yana maiƙo, yana ƙamshin miyar kuka.

"Duba da kyau," in ji Kawu Baƙo. "Ko ƙwaro guda bai taɓa shi ba. Damina biyu ke nan. Wanda ya aje iri cikin toka, nashi ya ruɓe, amma hayaƙi ba ya cin amana."

Maliki ya kwance diskin daga igiya. Shi ya ce a ajiye kamar iri, an kuma ajiye kamar iri. Ya yi godiya, har ya ba tsohon goro.

A butik ɗin Idirisa aka goge diskin, aka zura shi. Ya juya sau ɗaya, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Idirisa ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya.

"To a ciro rabin da ke cikin mai ran," in ji Maliki.

"Tonton, na gaya maka tun farko. Ba rabin bukukuwa ke ciki ba. Rabin kowane biki ne."

Duk da haka, saboda Mansura da ke tsaye a bakin ƙofa, Idirisa ya sa wata manhajar tono ta bi diskin mai rai tana tsince-tsince. Abin da ta fito da shi ya isa a yi wa Maraɗi kuka. Amare babu kai, angwaye daga gwiwa zuwa ƙasa, raguna na suna da rabinsu ya koma toka-toka. Bidiyo ko ɗaya bai tashi ba. Abin da ya tsira cikakke sai 'yan mitsi-mitsin hotuna, irin waɗanda na'ura ke yi don leƙe, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa kowanne ya faɗa gefe ɗaya bai rabu ba. Suka bi su har idanu suka yi ja. A ciki aka sami guda ɗaya tak na ɗakin Mansura ranar jere, daidai kusurwar da aka ajiye firigo.

Ranar Asabar aka hallara a zauren gidan su Auwalu a Tibiri. Firigon na gefe yana gurnaninsa, ba ruwansa. Maliki ya zo da babbar riga. Malam Zakariya'u ya ce a kawo bidiyo. Maliki ya ce kafin nan akwai ɗan bayani, ya fara daga bambancin mai ciki biyu da mai ciki huɗu. Ya kai wurin fanka Malam ya ɗaga hannu.

"Malam Maliki, akwai bidiyon ko babu?"

"Allah gafarta Malam, akwai shi, sai dai ba ya kalluwa. Amma ga hoto."

Aka miƙa salula. Malam ya gyara tabarau, ya nisanta ta, ya matso da ita. A hoton, mutum ne tsaye a tsakiya, ya baza babbar riga hannu biyu kamar shamuwa za ta tashi, yana dariya har kunne. Rigar ta cika hoton daga gefe zuwa gefe. Can ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, wani ɗan farin abu ya leƙo, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Wanga wane ne?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To, mun gan ka. Ka yi kyau ƙwarai. Amma kai ba ka cikin gado. Ina firigon?"

"Yana bayana. Ga kusurwarsa nan."

Tanimu ya karɓi salular, ya duba cikin natsuwa, ya ja carbi. "Malam, wannan ai bango ne. Ni da hannuna na shafa mashi farar ƙasa kafin biki."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mansura ta ce, "Malam, wallahi tumakin innata ne. Kowa a gidan ga ya sani." Ta dubi matan gidan da ke bayan labule, waɗanda suka sha zoɓonta kyauta shekara da shekaru. Labulen bai motsa ba.

Malam Zakariya'u ya ce shi da zahiri yake hukunci, kuma zahirin da ke gabansa shaidu biyu ne da hoton mutum ɗaya. Firigo ya shiga gado. Mansura, matar da ba ta haihu ba, tana da rubu'i. Tunda ba a yanka firigo huɗu, sai aka yi masa ƙima ya faɗa rabon Tanimu, ita kuma aka cika mata nata da jarkokin mai da mazurari da tayar moto sabuwa. Gadonta da kwallayenta babu wanda ya yi jayayya a kansu, don ba sa yin ƙanƙara.

A hanyar dawowa Maliki ya yi shiru har suka wuce gadar gulbi. Mansura, a bayan moto, ta ɗauka nadama ce. Sai ya juyo da kai ya ce, "Kin san inda matsalar take? Da mai ciki huɗu na saya."

Yanzu Mansura na gidan ubanta. Kullum da hantsi tana zama a ƙofar shago, daidai ƙarƙashin allon da ya ce fuska ba ta ɓata, da babbar kula a gabanta tana sayar da ƙanƙara. Daga Tibiri ake kawo mata ita a kabu-kabu. Tanimu ya shiga sana'ar, kuma saboda zumunci yana yi mata ragi. Ta ce ƙanƙarar ba ta kai ta da ƙarfi ba, don bai san yadda ake jera leda ba, amma tana gane ta ko a cikin dubu.

Maliki ya yi mata alkawarin sabon firigo a gaban 'yan fada, kuma ba a taɓa jin ya karya alkawari ba. Ya riga ya fara aiki a kai. Akwai mai buɗewa ta sama, akwai mai tsayuwa. Akwai mai aiki da hasken rana, akwai wanda ke riƙe sanyi yini guda in an ɗauke kuran. Akwai na Kwatano, akwai na Kano, kuma ya ji ana shirin fito da sabon samfuri.

"Baba," in ji Mansura wata rana, tana fasa ƙanƙara da guduma, "ko wane iri ne, in dai yana sanyi."

"Haka aka yi aka cuce ki a na farko," in ji shi. "Babu bincike."

Rahmatu na jin su daga cikin gida. Tun bayan dawowarsu daga Tibiri ta ɗaure 'yan tumaki biyu a bayan ɗaki, waɗanda ta saya a kasuwa cikin lokacin da ake ɗauka a sha kofin shayi. Ɗaya har ta yi ciki. Maliki ya leƙa ya gan su, ya ce da ta tambaye shi, da ya gaya mata a jinsin tumaki balami sun fi uda.